Yadda ake rinin antibodi a kan yankin nama don gano ER, PR da HER2 a sankarar mama

Mata biyu za su zo asibiti da ƙullutu a mama, a yi musu aiki, a duba naman a maikuroskop da rinin yau da kullum na hematoksilin da iyosin, a ce dukansu sankara ce, kamanninsu ma ɗaya. Amma maganin da zai yi wa ɗaya aiki ba lalle ya yi wa ɗayar ba. Idan ƙwayoyin sankarar na ɗauke da furotin ɗin ER, wanda ke karɓar sinadarin istirojin, tamoxifen zai taimaka mata, kuma ƙwaya ce mai sauƙin kuɗi da ake sha shekara biyar ko fiye. Idan HER2 ne ya yi yawa a bangon ƙwayoyin, trastuzumab ne maganinta, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1998. Rinin yau da kullum siffa kawai yake nunawa, ba ya faɗin wane furotin ke ciki. Wanda ke faɗa shi ne imunohistokemistiri, wanda a ɗakin gwaji muke taƙaitawa da IHC.

Dabarar ba ta da sarƙaƙiya. Antibodi furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa, kowanne wuri ɗaya tak yake ganewa a jikin furotin ɗaya, kamar makulli da kwaɗonsa. Ana samo shi daga zomo ko ɓera, a ɗiga a kan yankin nama, ya manne inda abin da yake nema yake. Sai a kawo na biyu mai gane na farkon, ɗauke da inzayim ɗin HRP, wani furotin mai sauya sinadarai. Daga ƙarshe a zuba sinadarin DAB, inzayim ɗin ya mai da shi launin ƙasa-ƙasa da ba ya wankewa, daidai inda furotin ɗin yake zaune. Albert Coons ne ya fara liƙa wa antibodi alama mai ƙyalli a 1941. A 1966 Nakane da Pierce suka yi amfani da inzayim, abin da ya sa maikuroskop na gama-gari ya wadatar. Köhler da Milstein suka kawo hanyar samar da antibodi iri ɗaya zalla a 1975. Abin da zan bayyana a nan aikin hannu ne, na ɗakin gwajin da ba shi da injin rini mai sarrafa kansa.

Daga ɗakin tiyata ake farawa

Abin da na fi so kowa ya riƙe shi ne wannan: rabin sakamakon IHC ana yanke shi ne kafin naman ya iso hannunmu. Da zarar likita ya raba nama da jini, ƙwayoyin sun fara cin kansu, ER da PR (furotin mai karɓar sinadarin furojestaron) kuwa suna cikin masu saurin lalacewa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Amurka biyu, ASCO da CAP, suka shimfiɗa ita ce naman ya shiga fomalin cikin awa 1 da cire shi, ya zauna a ciki aƙalla awa 6, kada ya wuce awa 72.

Fomalin ɗin ma ba kowanne ba. Mai kashi 10 cikin 100 ake so, wanda aka daidaita tsaminsa da bafa, wato sinadarin da ke hana tsami sauyawa, ya tsaya wajen 7 a ma'aunin tsami na pH. Ga yadda ake haɗa lita ɗaya: mililita 100 na fomalin mai kauri, wato mai kashi 37 zuwa 40, da mililita 900 na tataccen ruwa, da giram 4 na sodiyam daihaidirojin fosfet, da giram 6.5 na daisodiyam haidirojin fosfet. Wanda aka sirka da ruwan famfo kawai yakan yi tsami da daɗewa, ya bar baƙin ɗigo-ɗigo a wuraren da jini ya taru, ɗigon da kan rikita mai karatu da launin DAB. Yawan fomalin ya ninka girman naman sau goma ko fiye, mazubin kuma ya zama mai faɗin baki.

Fomalin a hankali yake ratsa nama, kusan milimita 1 a awa, kuma yana ƙara jinkiri in ya yi nisa ciki. Mama kitse ne mai kauri. In aka jefa shi ɗungurungum a bokiti, bayansa zai ƙame, tsakiya inda sankarar take ta ruɓe. Saboda haka dole a shafa wa gefunan tawada, a tsattsaga shi kamar yankan burodi da tazarar milimita 5 zuwa 10, a cusa bandeji tsakanin yankan don ruwan ya samu hanya.

Ba na manta wani dattijo da ya shigo mana da bokitin roba a cikin buhu, ya taso daga wani gari mai nisa cikin zafin bazara.

"Malam, ga saƙon likita, na matata ne."

"Sannu da hanya, Baba. Yaushe aka yi mata aikin?"

"Yau kwana huɗu ke nan. Sai da na haɗa kuɗin mota."

Na buɗe. Fomalin ɗin bai kai rabin naman ba, ba a kuma tsaga shi ba. Da na yanka, bayan ya yi fari da tauri, tsakiyar kuwa ja ce mai laushi, wuƙa na nutsewa kamar a dafaffen kabewa. Mun iya tabbatar da sankara ce, amma rinin ER ya fito fari fat, har da lafiyayyun ƙwayoyin da ke gefe waɗanda ya kamata su ɗauka. Da an rubuta "babu ER" an sa hannu, da an hana matar nan maganin da wataƙila shi ne nata. Abin da ya cece ta shi ne ɗan guntun da aka ɗauka da allura kafin aikin, wanda ya shiga fomalin nan take. Tun daga ranar nake roƙon ma'aikatan tiyata su rubuta lokuta biyu a takardar: lokacin cire nama da lokacin shigarsa fomalin.

In ƙashi ne ake son laushi da shi, a guji asid mai ƙarfi, yana kashe furotin ɗin da ake nema. EDTA ya fi jinkiri amma ya fi aminci.

Bulok da yanka

Sarrafa nama zuwa bulok ɗin kakin farafin daidai yake da na kullum: alkohol hawa-hawa, zailin, sannan kaki, zafin kakin kada ya zarce digiri 60 da yawa. Wajen zaɓen bulok ne ake son lura. Ka ɗauki wanda ke da sankara tare da ɗan lafiyayyen naman mama a gefe, domin wannan lafiyayyen shi ne shaidarka ta cikin gida.

Ka yanka a maikurotom, injin yanka bulok, da kaurin maikuron 3 zuwa 4. Ruwan ɗumin da ake shimfiɗa yankan a kai ya zama tatacce, ba a zuba masa jelatin ko wani abin manni ba. Silaid ɗin kuma ya zama mai caji ko wanda aka shafa wa poli-L-laisin. Silaid na gama-gari ba ya jure tafasar da ke gaba, za ka buɗe tukunya ka tarar naman na yawo a ruwa. A kan silaid ɗin nan dai ka ɗora ɗan yankin kwantirol, wato naman shaida da ka riga ka san yana da furotin ɗin, don duk abin da ya samu naman maras lafiya shi ma ya same shi. Ga ER da PR bakin mahaifa yana da kyau, ga ER kuma har da ƙwayar maƙogwaro da ake kira tonsil. Tonsil ya fi tona asiri, domin ƙwayoyinsa kaɗan ne ke ɗaukar ER kuma sama-sama, rini mai rauni ba zai nuna su ba. Ga HER2 sai ka tanadi tsofaffin bulok da aka tabbatar, mai 3+ da mai 0, in da hali har da mai 2+ (matakan ƙarfin rinin HER2 ne, bayaninsu na zuwa a wajen karatu).

Ka jingine silaid ruwan ya tsiyaye, sannan ka gasa a obin digiri 60 na minti 30 zuwa awa 1. Ka rubuta lamba da sunan antibodi da fensir, biro zailin zai wanke shi. Yankan da ya wuce mako 6 a ajiye kada a yi ER ko HER2 da shi, a yanko sabo. A zafinmu ni ko mako biyu ba na so ya kai.

Cire kaki aikin minti ashirin da 'yan kai ne: zailin sau uku, minti 5 kowanne, alkohol zalla sau biyu, mai kashi 95, mai kashi 70, sai ruwa. Ragowar kaki na hana antibodi shiga, rinin ya fito dabbare-dabbare, don haka a riƙa sauya zailin. Daga wannan gaɓar har zuwa ƙarshe akwai doka ɗaya da ba a karyawa: naman kada ya bushe ko na minti ɗaya.

Tono furotin da zafi

Fomalin da ya adana naman shi ne kuma ya ɗaɗɗaure furotin da junansu, ya rufe wurin da antibodi zai kama. Shekaru da dama wannan ya hana IHC yin aiki sosai a kan bulok, har zuwa 1991 lokacin da Shan-Rong Shi da abokan aikinsa suka nuna cewa tafasa yankan cikin ruwa na kwance ɗaurin. Wannan mataki shi ne ya fi bambanta ɗakin gwaji da ɗakin gwaji.

Bafa iri biyu aka fi amfani da su. Na sitiret mai pH 6: giram 2.94 na tiraisodiyam sitiret a lita 1 ta tataccen ruwa, a daidaita da asid. Na Tris-EDTA mai pH 9: giram 1.21 na Tris da giram 0.37 na EDTA a lita 1. Na biyun ya fi ƙarfi, ER da PR sukan fi fitowa da shi, amma ya fi ɓamɓare nama daga silaid, musamman naman mama mai kitse. Takardar da ta zo da antibodi ɗinka ita za ta faɗa maka wanne za ka ɗauka. Ka auna pH da mita duk ranar da za ka yi aiki, kada ka dogara da abin da aka rubuta a jikin kwalba makon jiya.

Ni na fi natsuwa da tukunyar firesha, irin ta girki mai ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda aka ware wa wannan aiki kaɗai. Zafinta na kai wa ko'ina daidai, kuma ko wuta ta ɗauke za ka ɗora ta a kan gas. Ka zuba bafa da zai shanye kan silaid gaba ɗaya, ka bari ya tafasa murfi na sake, ka saka kwandon silaid, ka kulle. Ka fara ƙirga daga lokacin da ta cika da tururi ta soma huci, minti 2 zuwa 3. Ka sauke, ka sanyaya bayan tukunyar da ruwan famfo har matsin ya sauka, sannan ka buɗe. Maikurowef ma na yi, minti 15 zuwa 20, sai dai yana da wuraren da suka fi zafi, ruwan kuma na ƙafewa, dole ka tsaya a kai kana ƙarawa. Tukunyar ruwan zafi mai digiri 95 zuwa 98 na buƙatar minti 20 zuwa 40, ita ce ta fi tausasa wa nama.

Ko wacce ka bi, ka bar silaid su huce a cikin bafansu na minti 20. Gaggawa a nan asara ce: silaid mai zafi in ya fito iska, kafin ka ƙifta ido ya bushe. Bayan haka ka ɗauraye da ruwa, ka mai da su cikin bafan wanki, TBS mai pH 7.6 da aka ɗiga wa Tween 20, rabin mililita a lita.

Toshe hanyoyin ƙarya

Jajayen ƙwayoyin jini da wasu farare suna da nasu inzayim mai aiki irin na HRP. In ba a kashe shi ba, su ma za su yi launin ƙasa. Ka rufe naman da haidirojin feroksaid mai kashi 3 na minti 5 zuwa 10. In mai kashi 30 gare ka, kashi ɗaya a cikin tara na ruwa, kuma a haɗa sabo a ranar. Ka wanke.

Ka goge gefen silaid da takarda mai tsotse ruwa ba tare da ka taɓa naman ba, ka zagaye shi da alƙalamin kaki don ruwan da za ka ɗiga ya tsaya wuri ɗaya. Ka jera silaid a kwance cikin akwati mai murfi da aka shimfiɗa wa jiƙaƙƙiyar takarda a ƙasa. Da hunturu, lokacin da leɓe ma ke tsagewa, ɗigon da ke kan silaid na iya ƙafewa kafin rabin awa, don haka ba na goge fiye da silaid uku kafin in koma in ɗiga musu. Ka sa ruwan toshiya na furotin, kesin ko ruwan jinin dabba, na minti 10. Wannan ba a wanke shi, karkata silaid kawai ake yi ya zube.

Antibodi na farko

Ga ER akwai SP1 da EP1 na zomo, da 1D5 da 6F11 na ɓera. Ga PR akwai PgR 636 da 1E2. Ga HER2 akwai 4B5 da kuma kit ɗin HercepTest. Wasu na zuwa a shirye, wasu da kauri sai an sirka. Misali in takarda ta ce 1:100, kana da silaid 10, kowanne zai sha maikurolita 150, jimla 1500 ke nan: maikurolita 15 na antibodi a cikin 1485 na ruwan sirki. Duk sabuwar kwalba ka gwada ta a kan naman shaida da sirki uku, wanda aka faɗa da rabinsa da ninkinsa, kafin ka taɓa naman maras lafiya. Kit ɗin HER2 kuwa ba a yi masa gyaran fuska, yadda aka rubuta haka ake bi, domin ƙarfin launin shi kansa ne sakamakon.

Ka ɗiga ya rufe naman har gefe, ka rufe akwati, minti 30 zuwa 60. Inda takarda ta ce zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25 take nufi, ba ɗakinmu na watan Afrilu ba. In babu na'urar sanyaya ɗaki, gara ka yi aikin da sassafe, ko ka kwanar da silaid a firji mai digiri 4. Silaid ɗaya kuma ka ɗiga masa ruwan sirki zalla ba antibodi, shi ne shaidar da za ta nuna ko launin na fitowa ne daga wani wuri daban.

Antibodi na zama ne tsakanin digiri 2 da 8. Firjin da ke mutuwa yana tashi shi ke kashe shi a ɓoye, kwalba cike amma babu ƙarfi. Ka ajiye ma'aunin zafi a ciki, a rubuta safe da yamma, ka jera robobin ruwa a ƙasan firjin su riƙe sanyi in wuta ta tafi.

Fito da launi

Ka wanke da TBS sau uku, minti 5 kowanne, kana zubawa daga saman silaid ruwan ya gangaro, ba kai tsaye a kan naman ba. Ka ɗiga antibodi na biyu, wanda ke zuwa a jikin folima mai HRP, irin su EnVision, na minti 30. Tsohuwar hanyar abidin da bayotin ta 1981 har yanzu tana aiki, amma hanta da ƙoda na da bayotin nasu da ke ba da launin ƙarya, folima kuwa ba ruwanta da wannan. Ka tabbata babu sodiyam azaid a bafan wankinka, yana kashe HRP. Ka sake wankewa sau uku.

DAB ana haɗa shi ne dab da amfani. Ana zargin yana jawo sankara, saboda haka safar hannu dole ce, ragowarsa kuma a tara a kwalbar shara ta musamman, ba a zuba a magudana ba. Ka ɗiga, ka duba agogo, minti 5 zuwa 10. Naman shaida zai fara sauya launi a idonka. Ka tsayar da lokaci ɗaya ga kowa da kowa, kada ka ƙara wa naman maras lafiya minti don kana son ya nuna wani abu. Ruwa ne ke tsayar da shi.

Sai hematoksilin na Mayer, daƙiƙa 30 zuwa minti 1, sama-sama. Zai fito da ɗan ja, sai ya sha ruwan famfo na 'yan mintoci ya koma shuɗi, kamar yadda zane ke fitowa kore daga karofi iska ta mai da shi baƙin shuɗi. In ya yi kauri zai binne ER mai rauni, tunda duka biyun a cibiyar ƙwaya suke. Ka bi da alkohol hawa-hawa, zailin, ka ɗiga ruwan manni na DPX ka rufe da murfin gilashi.

Karatu

Kafin ka kalli naman maras lafiya, ka kalli shaidu. Naman shaida ya ɗauka inda ya kamata? Silaid marar antibodi ya fita tas? Lafiyayyun bututun mama da ke gefen sankarar, akwai cibiyoyi masu launin ƙasa jefi-jefi a cikinsu? In amsar ɗaya ta zama a'a, ba a karanta wannan silaid, sake shi ake yi.

ER da PR a cibiyar ƙwaya ake neman su, launin da ke wajen cibiya ba ya shiga lissafi. In kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin sankarar ko fiye suka ɗauka, akwai shi. Tun gyaran ƙa'idar na 2020, ER da ke tsakanin kashi 1 da 10 ana rubuta shi daban a matsayin mai ƙaranci. HER2 kuwa a bangon ƙwaya yake, kuma sankarar da ta kutsa nama kaɗai ake ƙirgawa, ban da wadda ke cikin bututu. Zobe mai kauri da ya kewaye ƙwaya gaba ɗaya a fiye da kashi 10, kamar ragar kaji, shi ne 3+. Cikakken zobe mai rauni ko matsakaici a fiye da kashi 10 shi ne 2+, wanda ba ya yanke hukunci sai an tura gwajin ISH ya ƙirga kwafin ƙwayar gado ta HER2. Zobe dishi-dishi da bai haɗe ba a fiye da kashi 10 shi ne 1+, ƙasa da haka 0. Da can 0 da 1+ duk ɗaya ne wajen magani, amma tun 2022 da aka amince da trastuzumab deruxtecan ga masu ƙarancin HER2, bambancin ya zama abin kula. In ka ga lafiyayyun bututu sun yi zobe mai kauri, rininka ya wuce gona da iri, kada ka yarda da shi.

Silaid da ya yi launin ƙasa ko'ina, yawanci bushewa ce, ko antibodi ya yi kauri, ko wanki bai isa ba. Launi a gefen nama kaɗai tsakiya fari, fomalin ne bai ratsa ba. Fari fat har da shaida, ka bi sawu: an tsallake wani mataki, ko tukunya ba ta kai zafi ba, ko wani ruwa ya mutu. A naman fata kuma akwai namu ƙalubalen, domin melanin na baƙar fata launinsa ɗaya da DAB. Nan sai a koma wa jan launi, AEC ko Fast Red. AEC na narkewa a alkohol, don haka da abin rufi mai ruwa ake rufe shi, ba DPX ba.

Matakan nan su ne dai ake bi ga sauran antibodi: CD20 da CD3 don raba nau'in limfoma, AE1/AE3 don gane sankarar da ta samo asali daga shimfiɗar fata ko ta gaɓoɓi, Ki-67 da ke kusan cika kashi 100 a limfomar Burkitt ta yara. Abin da ke sauyawa shi ne bafa, da sirki, da naman shaida.

A rahoto ka rubuta sunan antibodi da lambar nau'insa, irin fomalin da tsawon zaman nama a ciki, kashin ƙwayoyin da suka ɗauka da ƙarfin launin, da halin da shaidu suka fito. In ER ya fito babu, bulok ɗin kuma ba shi da lafiyayyen bututu ko ba a san awannin fomalin ba, ka faɗa a fili cikin rahoton, ka nemi wani bulok ko guntun da aka ɗauka da allura, ka kira likitan da ya turo ka gaya masa da bakinka kafin ya zauna da maras lafiyar.